Gaisuwar da Inna Hapsatu Ke Bi

Inna Hapsatu ba ta taɓa shiga aji ba, amma in ka tambaye ta su wa suka zo mata barka ranar da ta haifi Iliyasu, shekara arba'in da 'yan kai ke nan, za ta jero maka su ɗaya bayan ɗaya, har da wadda ta zo da sabulu da wadda ta zo da baki kawai. Haka Allah ya yi ta. Wanda ya tako ƙafa ya zo mata tana riƙe da shi. Wanda bai zo ba shi ma tana riƙe da shi, riƙon ma ya fi ƙarfi.

Mijinta Malam Badamasi ya rasu bara da bazara. Tun daga nan gida ya yi mata faɗi. 'Ya'yanta mata biyu suna ɗakunansu, ɗaya a Dutse ɗaya a Gwaram, shi kuma Iliyasu yana Kano yana sayar da kayan gyaran babur. Ya so ya turo mata jika, ta ce ba ta iya rigimar yaran birni. Sai ya zamana daga ita sai awaki biyu sai darbejiyar da Malam ya dasa a tsakar gida, nan gefen Sundimina inda gidaje suke ƙarewa gonaki su fara.

Ran nan farkon damina tana tsugune tana tsince wake, ta miƙe, sai gari ya juya mata. Maƙwabciyarta Batulu ce ta leƙo ta katanga ta gan ta kwance kusa da turmi. Aka ɗora ta a babur sai ƙaramin asibitin gari.

An yi sa'a ranar Talata ce, ranar da Sharifa ke zuwa. Sharifa ma'aikaciyar lafiya ce, 'yar Birnin Kudu, an turo ta da wani sabon shiri na masu hawan jini da ciwon suga. Ta naɗa wa Inna abin awo a dantse, ya kumbura ya matse ta, ya saki. Ta faɗi wata lamba. Inna ba ruwanta da lamba. Abin da ta gane shi ne katin da aka ba ta mai launi uku, ja da ruwan ɗorawa da kore, kuma a kan ja Sharifa ta yi alama.

A bango akwai wani babban hoto, wata mata da wando da farin takalmi tana sheƙa gudu, ga tuffa a hannunta. Inna ta dube shi ta sake dubawa.

"'Yar nan, wa ya biyo ta?"

Sharifa ta yi dariya. "Ba wanda ya biyo ta, Inna. Motsa jiki take yi. Ke ma shi za ki riƙa yi, amma ba gudu ba. Tafiya ta rabin awa kullum. Ki sha maganinki. Gishiri kaɗan, magi a bar shi, mai kaɗan, ganye da yawa. Tuwo kuma kamar dunƙulen hannunki."

Washegari Iliyasu ya dira daga Kano. Ko ruwa bai gama sha ba ya ce, "Inna, haɗa kayanki."

Ta san gidan nan na Kano. Bene ne, hawa na biyu, ɗaki mai taga da ƙarafa. Ta taɓa kwana goma a ciki, ba ta ga ƙasa ba sai ta taga, ba wanda ya yi mata sallama sai mai kawo ruwa. Nan kuwa ga ɗakin Malam, ga buzunsa a rataye, ga maƙabarta ana hango ta daga ƙofar gida.

"Ba inda za ni."

"In kika sake faɗuwa fa? In Batulu ba ta leƙo ba fa?"

Suka ja, suka ja. Daga ƙarshe a gaban Sharifa aka yanke magana: wata uku, zuwa kaka. In aka auna aka ga har yanzu tana kan ja, za ta bi shi ba musu. Inna ta ce, "Ja ka ce ko?" Ya ce ja ya ce. Ta ce wa Sharifa, "Ke ce shaida."

Ta ɗauki abin da gaske, don ita in ta yi alkawari ba ta barinsa a ƙasa. Sai dai tun daga kwano aka fara samun matsala.

Tun rasuwar Malam, kullum da yamma Batulu na miƙo mata kwanon tuwo ta katanga. Batulu kuwa hannunta da nauyi wajen gishiri, magi uku take jefawa a miyar kuka. Mayar da kwano da abinci a ciki, kowa ya sani, zagi ne. Don haka Inna sai ta karɓa ta yi godiya, ta juye wa awaki, ta wanke kwano ta sa 'yar gyaɗa a ciki ta mayar. Kwana shida ana haka. Ran na bakwai Batulu ta leƙo neman aron rariya, ta ga akuya da kai cikin tuwonta.

Ta juya ta koma. Rariyar ma ba ta karɓa ba. Daga ranar kwano bai sake haurowa ba, kuma muryar da ke cewa "Inna, kin tashi lafiya?" ta katanga ita ma ta ɗauke.

Sai tafiya. Da hantsi ta yafa mayafi ta sa silifa ta kama hanyar da ta bi ta bakin titi. Manu mai facin taya yana zaune a rumfarsa.

"Inna, barka da hantsi. Ina zuwa?"

"Babu."

"Babu kamar yaya?"

"Tafiya nake."

"To ai na gani. Tafiya zuwa ina?"

"Manu, ka yi facinka."

Ta je har gindin tsamiyar da ke ƙarshen gari, ta tsaya, ba ta san abin da za ta yi da hannuwanta ba, ta juyo. Gobe haka, jibi haka. Duk wanda ta gamu da shi sai ya tambaya, ita kuma ba ta da amsa. Mace mai shekara saba'in, ba kwano a hannu, ba gidan da ta nufa, ta je gindin tsamiya ta tsaya ta dawo. Kafin mako ya zagayo magana ta gama gari. Wasu suka ce tun rasuwar Malam kanta ya taɓu. Wasu suka ce shi take fita nema. Wasu suka ce tsamiyar ce ke kiranta. Matar liman ta aiko mata da rubutu a kwalba, ba tare da ta roƙa ba.

Sai ga waya daga Kano.

"Inna, me nake ji? An ce kina yawo a titi ba inda za ki."

"Likita ce ta ce."

"Mutum uku suka kira ni. Wallahi in na sake ji, ba zan jira kaka ba."

Ka ji fa. In ta zauna, ja zai kai ta Kano. In ta fita, bakin mutane zai kai ta. Ta gwada zagaya darbejiya a tsakar gida, zagaye ashirin jiri ya ɗebe ta, awaki suka tsaya suna kallonta. Ta bari. Ta koma zama a ƙofar ɗakin Malam, ta dafa ɗan fatenta marar gishiri ta ci ita kaɗai, tana jin ƙarar ludayin Batulu ta bayan katanga. Wata rana tun safe har la'asar ba ta yi magana da kowa ba sai akuya.

Da wata ya cika ba ta je awo ba. Ran Laraba da azahar sai ta ji sallama. Sharifa ce, da jaka a kafaɗa, ƙafafu duk taɓo. Inna ta shimfiɗa mata tabarma, a ranta kuma ta ajiye: yarinyar nan ta tako.

Aka auna. Ja.

Sharifa ta zauna ta yi tagumi. "Inna, ni abin ya ishe ni. Mata arba'in da biyu na rubuta a garin nan. Jiya bakwai suka zo. Mun yi shela, mun liƙa hotuna, an faɗa a rediyo, an faɗa a masallaci. Ba mai tafiyar nan ko ɗaya. Ke kaɗai kika fara, ke ma kin bari. Ƙiwa ce ko me?"

"Ƙiwa? Matan da ke surfe da daka kike kira masu ƙiwa? Mu tsofaffi da aka karɓe mana taɓarya mu ne muke zaune." Inna ta gyara zama. "Tsaya in tambaye ki. Uwarki tana da rai?"

"Tana nan."

"Tun da kike, kin taɓa ganin ta yafa mayafi ta fita, an ce ina zuwa, ta ce babu?"

Sharifa ta girgiza kai.

"To. Mace in ta fita, barka za ta, ko gaisuwar mutuwa, ko dubiya, ko biki. Waccan ta hotonku mai wando, a garinsu ba a tambaya. Nan ana tambaya. Kun ba mu tafiya ba ku ba mu wurin zuwa ba."

Sharifa ta kori akuyar da ta zo tana shinshina jakarta. Can ta ce, "To Inna, ke ba wanda yake binki gaisuwa?"

Inna ta dube ta sosai. Wannan ce tambayar hankali ta farko da ta ji daga bakin ma'aikaci.

"Gida goma sha ɗaya. Ina takaba aka yi haihuwa huɗu da mutuwa uku. Bayan na fita, jiki ya ƙi, aka ƙara haihuwa biyu, Alhaji Jafaru ya dawo daga Makka, matar Ikrima ta karye."

Sharifa ta zaro biro.

"Mayar da abinki. Suna kaina."

"To ki fara da na kusa ki ƙare da na nesa. Kullum gida ɗaya. A ƙafa fa, Inna, ban da acaɓa."

Washegari Manu ya ɗago kai. "Inna, ina zuwa?"

"Gidan Alhaji Jafaru, sannu da zuwa."

"Ayya, Allah ya ba da lada. Ki gaishe shi."

Shi ke nan. Hanyar ita ce dai, ƙafar ita ce dai, har ta gaban tsamiyar ta wuce, ba wanda ya ce kanta ya taɓu. Ta yi goma sha ɗayan nan tana jan su a hankali don kada su ƙare da wuri, wani gidan ta koma sau biyu. Barcinta ya gyaru, kumburin ƙafa ya saɓe. Amma gaisuwa ba ta da yawan da za ta kai mutum kaka. Ran da ta fito daga gidan Ikrima ta tsaya a hanya ta lissafa, ta sake lissafawa. Ba wanda yake binta. Saura mako shida.

Mutum ɗaya ce ta rage, ita kuma juyin abin ne, Inna ce ke binta.

Ummussalma ta Gidan Sada, wani ɗan ƙauye bayan fadama. Tare suka yi tallan fura suna yara, ita ce ta kama wa Inna hannu ranar da aka kai ta ɗakin Malam. Da mijin Ummussalma ya rasu, Inna kwana bakwai ta yi a can, ita ke dafa abincin sadaka. Amma da Malam ya rasu, Ummussalma ba ta zo ba. Ba ran uku, ba ran bakwai, ba ran arba'in. Ɗanta kawai ta turo, ya tsaya a zaure ya ce wai ba ta jin daɗin ƙafa. Ƙafa! Wa ke jin daɗin ƙafa a cikinmu? Babur ya ƙare ne a duniya? Tun ranar Inna ta ce ko hanyar Gidan Sada ba za ta sake kallo ba sai Ummussalma ta zo ta durƙusa a tabarmar nan ta ce mata ya haƙuri.

Kwana biyu ta yi a zaune. Ta dubi katin, ta dubi buzun Malam, ta tuna tagar nan mai ƙarafa. Rana ta uku ta yafa mayafi. A ranta ta ce, ba zuwa zan yi ba, karɓo abina zan yi.

"Inna, ina zuwa?"

"Gidan Sada. Akwai wadda nake bi."

Gero ya fi ta tsayi, hanya ta matse, raɓa ta jiƙa mata zane har gwiwa. A rafi ta cire silifa ta tsallaka. Duk tsawon hanya tana shirya maganar da za ta faɗa, ta gyara nan ta ƙara gishiri can, tunda a baki dai likita ba ta hana ba.

Gidan shiru, kowa ya tafi gona. Ta yi sallama sau uku. A na ukun ta ji wani sauti daga ɗakin ƙarshe, ba amsa ba ce sosai. Ta ɗaga labule.

Ummussalma na kwance a tabarma, ta zama rabin yadda take. Hannun dama a lanƙwashe a ƙirji kamar ba nata ba, baki ya karkace gefe. Kusa da ita kwanon koko da ƙudaje. Ta daɗe tana kallon mai tsayuwa a ƙofa. Sai ta dafa ƙasa da hannun hagu tana ƙoƙarin tashi, ta kasa, ta sake, ta kasa. Bakin ya yi ta motsi kafin magana ta fito, a jaye, kalma ɗaya ɗaya.

"Hapsatu. Ya... haƙuri. Allah... ya jiƙan Malam."

Shekara ɗaya da wata biyar Ummussalma na riƙe da gaisuwar nan a baki.

Inna ta nemi maganar da ta shirya, ba ko ɗaya. Ta ce, "Haƙuri sai ma'aiki," ta zauna a ƙasa ba tare da an ba ta tabarma ba.

Da surukar Ummussalma ta dawo daga gona ta ba Inna labari. Kwana biyu kafin rasuwar Malam ne Ummussalma ta faɗi a bakin murhu. Mutanen gidan suka ɗauka iska ce ta buge ta, suka ji kunyar a ji, suka rufe, duk wanda ya tambaya sai a ce ƙafa. Sai daga baya a asibiti aka ce hawan jini ne. Irin na Inna sak.

Washegari Inna ta koma, da kwano a hannu. Faten wake da zogale, daddawa a madadin magi, gishiri ɗan abin da yatsa biyu suka ɗauka. Ta tada Ummussalma ta jingina ta da bango, suka ci a kwano ɗaya, tana ba ta a baki tana ci.

"Abincin nan... lami ne," in ji Ummussalma.

"Bakinki ne ya karkace, abincina lafiyarsa lau."

Ummussalma ta yi wata dariya ta gefe ɗaya har wake ya zubo. Inna ta goge mata da bakin mayafi.

Kullum ke nan, in ba ranar da ruwa ya cika rafi ba. Zuwa da dawowa ya fi awa guda. Da Sharifa ta ji, ita ma ta tsallaka rafin da abin awonta. Ta kuma sauke matar nan mai wando daga bango. Duk tsohuwar da ta zo, kafin ta naɗa mata abu a hannu sai ta tambaye ta wa ke binta ziyara, wa take bi, kuma wa ke dafa abin da take ci. Ta shiga gidan Batulu ma, ban san me suka ce ba. An dai wayi gari da yamma kwano ya hauro katanga, Batulu na cewa daga can, ba tare da ta leƙo ba, "An ɗebi naki kafin a sa magi. In kuma awakin ne, ki faɗa min in ƙara musu."

Aka yanke gero. Ran Talatar alkawari Iliyasu ya zo da motar haya, har da buhunan da za a zuba kaya. Sharifa ta naɗa, abu ya kumbura ya saki. Ta sake, don kada a ce. Ta ɗauki biro ta yi alama a kan ruwan ɗorawa.

Iliyasu ya karɓi kati ya juya shi. "Ai ba kore ba ne."

"Ja ka ce."

"Inna, abin nufi dai..."

"Na tambaye ka, ja ka ce ko, ka ce ja ka ce. Ga shaida nan zaune."

Sharifa ta sunkuyar da kai tana gyara jaka. "Ja aka ce, Malam Iliyasu."

Ya yi tsaki, ya yi dariya, ya ce Allah ya shirya. Gero aka zuba masa a buhunan, ya koma Kano shi kaɗai.

Abin da ba ta faɗa masa ba shi ne, tun ran Asabar 'yar Ummussalma ta zo daga garin Sara ta ɗauke uwarta, wai can ya fi kusa da mai gashin ƙashi, kuma ita za ta fi kula da ita. Inna na tsaye aka sa ta a mota. Ummussalma ta ɗaga hannun hagu ta taga, bakin yana motsi, mota ta tashi kafin maganar ta fito. Sara ba tafiyar ƙafa ba ce.

Safiyar Laraba Inna ta dafa fate, sai da ta zuba a kwano ta ga ta yi na mutum biyu. Ta tsaya da shi a tsakar gidan da ta ƙwato. Darbejiya na nan, buzun Malam na nan, ba motsin kowa. Ta yafa mayafi.

"Inna, ina zuwa?"

Ta tsaya a gaban rumfar Manu.

"Manu, wa ke kwance a garin nan?"

Ya sosa kai. "Sai dai tsohuwata. Wata biyu ke nan ba ta fito ba."

"Ta zo min ran ukun Malam, da goro biyar. Ba ka faɗa min tana kwance ba."

Gidan su Manu kuwa ga shi nan bayan masallaci, ko taki ɗari bai kai ba. Inna ta gyara riƙon kwano ta juya wa masallaci baya, ta bi ta fadama, doguwar hanya. Gonaki sun zama fili, kara a kwance, ana hango Gidan Sada tas daga nesa. Da ta zo mararrabar ta ɗan rage sauri, sannan ta zagayo ta shigo gari ta baya ta nufi gidan su Manu, faten ya riga ya huce.